Sili takwas a buhu ɗaya: yadda bairas ɗin mura yake haɗa kansa, da yadda yake tsallakawa zuwa wani hancin

Akwai wani lissafi da ba ya daidaita a ɗakin gwajin bairas ɗin mura. Idan aka ɗebi ruwan da aka reni bairas a ciki, aka ƙirga ƙwayoyinsa a ƙarƙashin madubin ilektron, za a sami adadi. Idan kuma aka zuba ruwan nan a kan sel masu rai, wato ƙananan ɗakunan halitta da jiki ya ginu da su, don a ga ƙwaya nawa ce za ta iya kama sel, ta hayayyafa, ta bazu zuwa maƙwabta, sai adadin ya faɗi warwas. A cikin ƙwayoyi goma, wani lokaci har ɗari, guda ɗaya ce tak take iya kai aikin ƙarshe ita kaɗai. Sauran fa? An daɗe ana ɗaukarsu a matsayin dusa. Binciken shekaru ashirin ɗin nan ya nuna ba haka abin yake ba, kuma amsar tana cikin yadda ake haɗa ƙwayar tun farko.

Murar da ake nufi a nan ita ce infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki, ba 'yar murar yoyon hanci da wasu bairas daban suke kawowa ba. Iri huɗu ce: A, B, C da D. Nau'in A shi ne mai yawo tsakanin tsuntsaye da aladu da mutane, shi ya kawo annobar 1918 da 1957 da 1968 da 2009, kuma a kansa aka yi mafi yawan aikin da za a ambata.

Ƙwayar kanta 'yar ƙaramar jaka ce, faɗinta kimanin nanomita 100, wato sai an jera dubu goma kafin su cika milimita ɗaya. Fatar jakar tantanin maiƙo ne da bairas ya yago daga jikin sel ɗin da ya fito. A waje akwai ƙayoyi iri biyu. HA, wanda ya fi yawa, wajen 300 zuwa 400 a kan ƙwaya ɗaya, shi ne ƙugiyar da take maƙale wa wani sukari da ake kira siyalik a fuskar sel. NA, wajen 40 zuwa 50, almakashi ne mai yanke wannan sukarin. Akwai kuma M2, ɗan bututu da bai fi a ƙirga a yatsu ba a kowace ƙwaya. Daga ciki furotin M1 ya shimfiɗe kamar shafi a ƙarƙashin fatar. A tsakiya kuma ga kayan gadon: RNA mai haruffa kusan 13,500, amma ba zare ɗaya ba ne, an raba shi sili takwas. Mafi tsawo haruffa 2,341, mafi gajarta wajen 890. Kowane sili a naɗe yake a jikin furotin NP, da injin kwafi mai sassa uku, PB1 da PB2 da PA, a maƙale a bakinsa.

Shigar bairas cikin sel an fahimce ta sosai, don haka a taƙaice. HA ya kama siyalik, sel ya haɗiye ƙwayar cikin wani ɗan ƙunshi, ƙunshin ya yi tsami har ma'aunin pH ya sauko tsakanin 5 da 6. Tsamin nan yana sa HA ya miƙe ya haɗe fatar ƙwayar da ta ƙunshin, yayin da M2 yake shigar da tsamin ciki don M1 ya saki silin. Silin takwas su wuce cibiyar sel, a can ake kwafarsu. Yawancin bairas masu RNA a wajen cibiya suke kwafi, na mura ya fita daban, kuma wannan ya jawo masa doguwar tafiya a kan hanyar dawowa.

Yadda takwas suke haɗuwa

Sabbin silin da aka kwafa dole su fito daga cibiya su iso fatar sel. M1 da wani furotin na bairas mai suna NEP su ke haɗa su da CRM1, wato motar da sel yake amfani da ita wajen fitar da nasa kayan daga cibiya. Da suka fito, sai su hau wata motar. A 2011 rukunoni daban-daban a Birtaniya da Amurka da Japan suka nuna cewa silin suna maƙalewa ne a jikin ƙananan ƙunshiya masu ɗauke da Rab11, furotin na sel da aikinsa na asali shi ne mayar da kaya zuwa fata. Idan aka rage Rab11 a cikin sel, silin sukan taru a kusa da cibiya, yawan bairas da ke fitowa ya ragu ƙwarai. A 2019 ɗakin gwajin Maria João Amorim a Fotugal ya ƙara da cewa wuraren da silin suke taruwa ba daskararru ba ne, kamar ɗigon mai suke a cikin ruwa, suna haɗewa suna rabuwa. A cikin waɗannan ɗigo ne ake ganin silin suke samun damar gamuwa da juna.

To ta yaya ƙwaya take samun ɗaya daga kowane iri, ba biyu na wannan da babu na wancan ba? Shekaru da dama ana ja a kan haka. Masu cewa ɗiban karan mahaukaciya ne suna da hujja, tunda ga tarin ƙwayoyi marasa amfani. Amma lissafi bai goyi bayansu sosai ba. Idan za a ɗebi sili takwas da ka daga tuli mai iri takwas, damar samun cikakken saiti ɗaya ce cikin 416. Bairas ya fi haka iya aiki nesa ba kusa ba.

Hoton da ya sauya muhawarar ya fito a 2006, daga Takeshi Noda da Yoshihiro Kawaoka. Sun yanka ƙwayoyi masu toho a kan fatar sel ta tsakiya, yanka siriri, suka duba a madubin ilektron. A kowace ƙwaya sai ga ɗigo takwas a tsari guda: ɗaya a tsakiya, bakwai sun kewaye shi. Da aka yanka ta tsawo, sai aka ga sanduna masu tsawo daban-daban suna rataye daga ƙoƙon ƙwayar. Daga baya an yi amfani da rini mai haske da ke kama sili iri ɗaya kawai, aka tabbatar cewa yawancin ƙwayoyi kwafi ɗaya suke ɗauka na kowane iri. Wani abin mamaki: nau'in C da D sili bakwai ne gadonsu, amma su ma takwas suke cusawa a tsarin nan na ɗaya da bakwai. Da aka ƙera nau'in A mai sili bakwai kawai, sai ya cike gurbin na takwas da RNA na sel ɗin da ya kama. Wato damin ba ya ɗauruwa daidai sai sanduna sun kai takwas.

Gano abin da ke sa silin su san juna bai yiwu ba sai da aka iya ƙera bairas daga rubutaccen gado. A 1999 ɗakin Kawaoka a Wiskonsin, da rukunin Ervin Fodor da George Brownlee na Oksfod tare da abokan aikinsu a Niyok, suka nuna ana iya samar da bairas mai rai daga zoben DNA da ake kira filasmid. A 2000 Erich Hoffmann ya rage su zuwa takwas, ɗaya ga kowane sili. Ana zuba su a cikin sel na ɗakin gwaji, bayan kwana biyu zuwa uku a kwashi bairas a ruwan saman. Amfanin abin shi ne mai bincike zai iya sauya harafi ɗaya ya ga abin da zai lalace.

Da wannan aka yi gwaji mai sauƙin fahimta. A cire cikin silin NA gaba ɗaya, a maye gurbinsa da gadon wani furotin mai kore da ke haske, a bar bakin silin biyu. Idan an bar ɗan kaɗan ne kawai a bakin, silin ba ya shiga sabbin ƙwayoyi yadda ya kamata. Idan aka ƙara tsawon abin da aka bari, har ya ci cikin ɓangaren da ke rubuta furotin, sai ya shiga. Da haka aka gane kowane sili yana da alamar lodi a bakinsa biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, taɓa alamar sili ɗaya, musamman PB2, yakan hana wasu silin daban shiga. Ashe ba ɗaya bayan ɗaya suke shiga ba, a ɗaure suke da juna. A 2019 masu bincike a Oksfod suka zana taswirar wuraren da RNA na wannan sili yake manne da na wancan a cikin ƙwayar, suka tarar da mahaɗai masu yawa, kuma sun bambanta daga wannan bairas zuwa wancan.

Wannan ba ilimin cikin littafi kawai ba ne. Idan bairas biyu suka kama sel ɗaya, silinsu goma sha shida suna cakuɗa, a takarda ana iya samun haɗi 256. A zahiri ba duka ke fitowa ba, domin wasu silin ba sa ɗauruwa da baƙi, wasu furotin kuma ba sa aiki tare. Waɗanda suka dace su ne masu kawo annoba. Bairas ɗin 1968 ya ɗauko HA da PB1 daga na tsuntsaye ya riƙe sauran shida na mutane. Na 2009 ya samo NA da M daga murar aladun Turai da Asiya. A Najeriya ma an ga haka a kaji. Bayan an tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 (lambobin suna nuna irin HA da NA ɗin bairas) a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karon farko a Afirka, nazarin gado ya nuna bairas ɗin ya shigo ƙasar fiye da sau ɗaya, kuma zuwa 2007 an riga an sami waɗanda suka yi musayar sili a tsakaninsu.

Toho da yanke wuya

Yayin da silin suke kan hanya, HA da NA sun riga sun isa fatar sel, ta gefen da ke fuskantar iska a cikin maƙogwaro, ba ta gefen jini ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa murar mutane take tsayawa a hanyar numfashi. Ba ko'ina suke zama a fatar ba, suna taruwa a wasu tsibirai masu yawan kolestarol. M1 ya zo ya kama wutsiyoyinsu daga ciki, ya jeru, fatar ta fara kumburo waje, damin silin ya shige da kai.

Saura yanke wuya. Bairas da yawa, har da HIV, suna aron wuƙar sel mai suna ESCRT su yanke kansu. An toshe wannan wuƙar a gwaji, bairas ɗin mura ya ci gaba da fita abinsa. A 2010 Jeremy Rossman da Robert Lamb a jami'ar Northwestern suka nuna M2 ne yake aikin. Yana zama a gefen tsibirin, daidai inda wuyan zai kasance, yana da wani ɗan sashe da rabinsa ke son ruwa rabinsa ke son maiƙo. Sashen nan yana cusa kai cikin tantanin kamar tsinke, ya lanƙwasa shi har ya tsinke. Da suka lalata sashen, sai ƙwayoyin suka fito a jere ba su rabu ba, kamar carbi.

Ko an yanke, tsugune ba ta ƙare ba. Fatar sel cike take da siyalik, ƙayoyin sabuwar ƙwayar su ma suna ɗauke da shi, HA kuwa abin da ya sani shi ne kamawa. Ba don NA ba, ƙwayar za ta manne a inda aka haife ta. Peter Palese ya nuna haka tun 1974 da wani bairas da NA ɗinsa yake mutuwa idan zafi ya ƙaru: ƙwayoyin sun haɗu lafiya, amma sun dunƙule curi-curi a fuskar sel. Maganin oseltamivir, wanda aka sani da Tamiflu, haka yake yi da gangan. Ba ya hana haɗa ƙwaya, saki yake hanawa, shi ya sa amfaninsa ya fi fitowa idan an fara sha cikin awa 48 na farko, kafin bairas ya gama bazuwa.

Daga kamu zuwa fitowar ƙwayoyin farko kimanin awa shida zuwa takwas ne. Sel ba sa haihuwa daidai da juna. Wani gwaji a Jamus da aka ware sel ɗaya ɗaya ya sami wanda ya fitar da ƙwaya mai kamu guda ɗaya, da wanda ya fitar da kusan dubu.

Abin da hannu yake yi a kan tebur

Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin renon bairas ita ce ƙwan kaza mai ɗa a ciki, ɗan kwana 9 zuwa 11. A haska shi da fitila a cikin duhu, a ga jijiyoyin jini da gurbin iska, a yi alama a inda babu babbar jijiya, a huda ɓawon, a zura allura cikin jakar ruwan da ke gefen ɗan tsakon, a zuba kashi ɗaya ko biyu cikin goma na mililita, a toshe hudar da kakin zuma ko gam. Bayan kwana biyu zuwa uku a zafin digiri 33 zuwa 37, a sa ƙwan a firji. Wannan sanyayawar ba a tsallake ta: idan jijiyoyin ba su tsuke ba, jini zai zubo cikin ruwan, bairas ya manne wa jajayen ƙwayoyin jinin, a yi asararsa wajen tacewa. Ƙwai ɗaya yakan ba da mililita biyar zuwa goma.

Wannan mannewar ce George Hirst ya lura da ita a 1941, ta zama gwajin da har yau ake yi kullum. Ana ɗaukar faranti mai ramuka 96, a riƙa raba ƙarfin ruwan bairas biyu daga rami zuwa rami, a ƙara jinin kaza ko na talotalo da aka tsarma zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a jira rabin awa. Ramin da babu isasshen bairas, jinin zai kwanta a ƙasa ya zama jan ɗigo, idan aka karkata farantin ya zubo kamar hawaye. Ramin da bairas ya isa, jinin ya saƙu da juna, ya bazu ruwan hoda. Gwajin yana da arha da sauri, amma ƙayoyi yake aunawa, bai san mai rai da matacce ba. Yana kuma yaudara: bairas ɗin H3N2 na mutane ya sauya har ya daina kama jinin kaza, dole aka koma na talotalo, daga baya na ɓeran Masar.

Ƙirga masu rai sai da sel. Waɗanda aka fi amfani da su MDCK ne, daga ƙodar wata karya aka samo su a 1958. A shimfiɗa su su rufe gindin faranti, a tsarma bairas sau goma-goma, a zuba, a bar shi awa ɗaya, a rufe da wani abu mai kauri kamar kamu don kada sabbin ƙwayoyi su yi iyo zuwa nesa. Bayan kwana biyu zuwa uku a rina da shuɗi. Duk inda ƙwaya ɗaya ta kama ta bazu, za a ga farin tabo. Kuskuren sabon hannu a nan kusan kullum ɗaya ne. HA yana fitowa a rufe, sai wani inzayim ya tsaga shi biyu kafin ya iya buɗe sel na gaba. A maƙogwaron mutum akwai masu wannan aikin, irin su TMPRSS2, amma MDCK ba su da isasshe, don haka ana ƙara tiripsin, wajen maikurogiram ɗaya a kowace mililita. Ruwan jinin ɗan maraƙi da ake ciyar da sel da shi kuwa yana kashe tiripsin. Wanda bai wanke shi tas ba zai tarar da faranti babu tabo ko ɗaya, ya ce bairas ɗinsa ya mutu, alhali zagaye ɗaya ya yi ya tsaya. Wanda kuma ya zuba tiripsin da yawa, sel za su ɗaye daga farantin baki ɗaya.

Wani tarkon shi ne rowar tsarmawa. Preben von Magnus, ɗan Denmak, ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa idan ana ɗaukar ruwa mai kauri daga ƙwai zuwa ƙwai ba tsarmawa, gwajin jini zai ci gaba da nuna bairas da yawa, amma ƙarfin kamu ya zube. Dalili: injin kwafi wani lokaci yakan tsallake tsakiyar dogon sili, ya fitar da guntu mai baki biyu lafiyayyu. Guntun yana da alamar lodi, ya fi saurin kwafuwa saboda gajartarsa, sai ya ƙwace kujerar cikakken. Idan ƙwayoyi da yawa suna shiga sel ɗaya, mai guntu yana samun mai cikakke ya jingina da shi, ya yi ta yawa. Maganin abin shi ne a shuka kaɗan, ƙwaya ɗaya ga sel dubu ko fiye.

Nan amsar lissafin farko ta fara fitowa. A 2013 Christopher Brooke ya kama sel da ƙwaya ɗaya ɗaya, ya duba furotin nawa na bairas kowanne ya yi. Har kashi 90 cikin ɗari sun rasa aƙalla ɗaya. Ɗakin Anice Lowen a jami'ar Emory ya auna wani H3N2 ya sami cewa kowane sili yana da damar kusan kashi 58 cikin ɗari na isa ya yi aiki, wanda ke nufin ƙwaya ɗaya tal da kyar take wuce kashi ɗaya cikin ɗari wajen kawo duka takwas. Amma idan uku ko huɗu suka shiga sel ɗaya, wannan ya cike giɓin wancan. A cikin hanci, inda sel mai ciwo yake zubo ɗaruruwan ƙwayoyi a kan maƙwabtansa, haka kuwa ake yi. Gwajin tabo ne ya raba su da juna ta hanyar tsarmawa, sannan ya kira su matattu.

Babban abin da ya kamata mai karanta sakamakon irin wannan bincike ya riƙe shi ne wurin reno yana sauya bairas. Yawancin abin da aka sani an same shi ne daga PR8, wanda aka ɗauka a Fwato Riko a 1934, da WSN, jikan wanda aka ɗauka a Landan a 1933. Sun shafe shekaru a ƙwai da ɓeraye, kuma dunƙulallu ne kamar ƙwallo. Bairas da aka ɗauko sabo daga majinyaci kuwa yakan zo da dogaye kamar zare, wasu sun wuce maikuromita goma, da dami ɗaya kacal na sili a can ƙarshe. Tun shekarun 1940 aka gansu. Rena shi a ƙwai sau da yawa, zaren ya ɓace. Ɗauki dunƙulallen ka bi da shi ta hancin ɓeran Masar sau da yawa, zaren ya dawo. Sauyin 'yan haruffa a M1 ya isa ya juya siffar. A 2019 Michael Vahey da Daniel Fletcher a jami'ar Bakili ta Amurka suka ga cewa a jikin mai zare NA yakan taru a baki ɗaya, sai ƙwayar ta riƙa tafiya gaba a cikin majina, HA yana kamawa a gaba, NA yana share baya don kada ta koma. Faranti ba shi da majina, don haka bai taɓa buƙatar wannan dabarar ba. Shi ya sa yanzu ake rena sel na maƙogwaron mutum a kan wata 'yar matata, ruwa a ƙasa iska a sama, har sati huɗu zuwa shida, sai sun fitar da gashi da majina. Yana da tsada da ɗaukar lokaci, amma shi ya fi kama da gaskiya. Masu haɗa rigakafi ma sun ɗanɗana: a kakar 2016 zuwa 2017, H3N2 da aka rena a ƙwai ya zubar da wani sukari a kan HA, ya zama bai yi daidai da wanda ke yawo a gari ba.

Daga hanci zuwa hanci

Dabbar wannan aikin ita ce feret, doguwa mai gajerun ƙafafu, a siffa kamar tunku. Da ita Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw suka fara kama bairas ɗin murar mutane a 1933. Tana zazzaɓi, tana atishawa, kuma siyalik ɗin hancinta irin na mutum ne. Ana ɗiga wa ɗaya bairas a hanci, bayan kwana ɗaya a ajiye lafiyayya a keji na gefe, da raga biyu da tazarar 'yan santimita a tsakani, iska na wucewa amma ba sa taɓa juna. Ana wanke hancinsu lokaci-lokaci a auna, bayan sati biyu zuwa uku a duba jini. Raunin gwajin a fili yake: feret na da tsada, sau da yawa biyu-biyu uku ko huɗu ake yi, kuma bambancin biyu cikin huɗu da uku cikin huɗu bai isa a kafa hujja da shi ba.

Duk da haka an koyi abubuwa masu ƙwari. Bairas ɗin tsuntsaye ya fi son siyalik mai ɗaurin 2,3, na mutane mai ɗaurin 2,6, wanda ya fi yawa a hanci da maƙogwaro. Injin kwafin na tsuntsu ya saba da zafin hanjin tsuntsu, sama da digiri 40, hancin mutum kuwa wajen 33 ne, kuma akwai wani furotin na sel, ANP32A, da na tsuntsu ya fi na mutum tsawo, wanda ɗakin Wendy Barclay a Landan ya nuna a 2016 cewa shi ne injin yake jingina da shi. Sannan HA dole ya jure, kada ɗan tsamin majina ya sa ya buɗe kafin lokaci. Da ƙarfin kamun HA da saurin yankan NA kuma dole su yi daidai, in ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko dai ƙwayar ta maƙale a majina ko ta kasa zama a kan sel. Gwaje-gwajen da Ron Fouchier a Rotadam da Kawaoka suka wallafa a 2012, inda suka nuna H5 zai iya samun damar bin iska tsakanin feret, sun tayar da ƙura har masu binciken suka dakatar da aikin na shekara guda, gwamnatin Amurka kuma ta tsayar da ba da kuɗinsa daga Oktoban 2014 zuwa Disamban 2017.

Yanayi ma an saka shi a ma'auni. A 2007 Lowen da Palese a Niyok suka sa ɓerayen Masar a ɗakunan da ake iya saita zafi da laima. A digiri 20, yaɗuwa ta fi ƙarfi da laima tana kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari, ta tsaya cak a kashi 80. A digiri 5 ta ƙaru, domin dabbobin sun daɗe suna fitar da bairas. A digiri 30 ba ta bi iska ba sam. Wannan ya dace da hunturun Turai da Amurka, amma bai bayyana ƙasashe masu zafi da ruwa ba, inda mura takan tashi da damina, don haka bai kamata a ɗauke shi a matsayin doka ta ko'ina ba. Wani abin lura, ɓeran Masar ba ya atishawa ba ya tari, amma ya yaɗa. A mutane ma haka aka gani. A jami'ar Merilan, Donald Milton ya zaunar da masu mura 142 suna numfashi cikin wani babban mazurari na rabin awa, a 2018 aka ba da rahoton samun bairas mai rai a kashi 39 cikin ɗari na samfuran ƙananan ɗigo, waɗanda ba su wuce maikuromita biyar ba, har daga waɗanda ba su yi tari ba lokacin ɗiban.

Daga ina a jiki ɗigon suke ɗauko bairas? A feret, an sa bairas biyu masu alama daban, ɗaya a hanci ɗaya a huhu, na hancin ne ya tsallaka. Seema Lakdawala kuma ta nuna a 2015 cewa ganɗa mai laushi ta can baya, kusa da beli, wuri ne da mai son ɗaurin 2,6 yake saurin rinjaye.

Nawa ne suke tsallakawar? A 2014 ɗakin Benjamin tenOever ya ƙera bairas sama da ɗari, iri ɗaya sak, sai dai kowanne da 'yar lambarsa a rubuce cikin RNA. A faranti kusan duka lambobin suka wuce. Tsakanin dabbobin da ke taɓa juna kaɗan suka wuce. Ta iska kuwa wani lokaci biyu kawai aka tarar a hancin na biyu. Nazarin gidaje a Mishigan da aka wallafa a 2018, inda aka kwatanta gadon bairas na wanda ya kamu da na wanda ya ɗauka a wurinsa, ya kai ga adadi makamancin haka: gado ɗaya zuwa biyu ne yake kafa sabon ciwo. Sabon sauyin da ya ɓullo a jikin majinyaci, ko da mai amfani ne ga bairas, idan bai kai ga rinjaye a hanci ba a cikin 'yan kwanakin da ake yaɗawa, yawanci a nan yake mutuwa tare da murar.